Gini a Filin Aro

A watan da ya wuce ƙanena ya kira ni daga Damagaram. Bayan mun gaisa, na tambayi lafiyar tsohuwa, sai ya ce, "Yaya, ina so ka koya mini abin nan da kake yi a kwamfuta, wanda ya sa maigidanka ba ya iya rabuwa da kai." Na yi dariya, na ce masa zan yi tunani. Na san rowa ya ɗauka. Alhali tambayarsa ce ta fama mini wani miki da na daɗe ina ɓoyewa, kuma har yanzu da nake wannan rubutu bai gama warkewa ba. Shi ya sa na ga gara in baje maganar a faifai, ko mai karatu zai taya ni dubawa.

Ina zaune a Sabha, babban birnin yankin Fezzan a kudancin Libiya, a unguwar Abdulkafi. Aikina rubutu da lissafi a wani sito na kayan abinci: shinkafa, makaroni, man girki, tumatirin gwangwani, shayi da sukari. Duk wanda ya biyo hanyar Agadas, ya ratsa Dirku da Madama, ya shigo ta Tummo zuwa Gatrun, Sabha ce babban gari na farko da zai sauke gajiya. Saboda haka 'yan'uwanmu Hausawa na Nijar da Nijeriya suna da yawa a nan, daga 'yan dako da magina har masu aikin gona da masu wanki da guga. Galibinsu ba su da takardun buɗe asusu a banki, kuma ajiye kuɗi a ɗakin da mutum goma ke kwana ganganci ne. Sai wasunsu suka mai da sitonmu wurin ajiya. Mutum ya kawo dinari hamsin yau, ɗari jibi, a rubuta. Ranar da zai koma gida, ko zai aika wa iyali, a lissafa masa a sefa ko a naira.

Duk wannan lissafi, har da na kayan sito da bashin 'yan kiri, yana cikin fayil guda na Excel. Ga wanda bai san ta ba, Excel manhaja ce ta jadawalin lissafi, gida-gida kamar gurabun dara, kowane gurbi ka zuba masa suna ko lamba. A bayanta akwai wani ɗan ɗaki da yawancin masu amfani da ita ba su taɓa leƙawa ba. A nan ake rubuta abin da ake kira makiro, wato jerin umarni da mutum zai tsara sau ɗaya ya ɗaura shi a kan maɓalli. Daga nan duk lokacin da aka danna, kwamfuta ta yi aikin awa uku kafin ka kurɓi shayi. Harshen da ake rubuta umarnin da shi sunansa VBA. A wurinmu wannan maɓalli ba ado ba ne. Tun da ƙarancin tsabar kuɗi ya addabi bankunan Libiya, kaya ɗaya yakan yi farashi biyu, na kuɗi hannu da na caki, ga kuma canji da ke hawa da sauka. Makiro ne ke warware wannan duka.

Ba ni na rubuta na farko ba. Na tarar da shi ne. Wani Basudane da ya riga ni aiki a wurin ya ƙera shi, kuma wallahi gwani ne. Sai dai ya kulle ɗakin bayan da kalmar sirri, ya tafi Tarabulus, daga nan labarinsa ya yanke. Shekara guda da rabi ina danna maɓallinsa safe da yamma ban san abin da ke ƙarƙashinsa ba, kamar mai hawan jakin da aka ba shi aro bai tambayi halinsa ba.

Wata Alhamis cikin tsananin zafi aka ɗauke wuta tun safe, kamar yadda aka saba a Sabha. Da ta dawo, da ƙarfi ta dawo, ta ƙone kwamfutar. Ban damu sosai ba, don ina da kwafi a filash. Na ari wata kwamfuta a maƙwabta, na buɗe fayil, na danna maɓalli, sai ga saƙon kuskure. Ashe mutumin ya raba lissafin gida biyu. Fayil ɗin da ke hannuna lambobi ne zalla, kowane mai ajiya an ba shi lamba maimakon suna, kuma jerin da ke haɗa suna da lamba yana cikin wani fayil dabam da ke ɓoye a kwamfutar da ta ƙone. Makiro ne kaɗai ya san hanyar da ke tsakaninsu, shi kuwa a kulle yake. Ga mutum bakwai da motarsu za ta tashi zuwa Agadas ranar Asabar, kowa yana jiran guminsa na shekara ko fiye.

Kwana biyu muka yi ba barci, ni da ɗan maigida, muna bin rasit ɗaya bayan ɗaya da fitilar waya. Mutum shida lissafinsu ya fita daidai. Na bakwai wani dattijo ne daga wajen Tasawa, mai aikin gona, rasit ɗinsa da yawa sun ɓace. Abin da ya faɗa ya ɗara abin da muka iya tattarowa da dinari ɗari biyu da hamsin. Bai ɗaga murya ba. Ya dube ni kawai ya ce, "Ɗana, ni ban iya karatu ba. Na ga kana rubutawa a na'ura, shi ya sa hankalina ya kwanta." Maigida ya biya shi yadda ya faɗa, ya cire rabi daga albashina, ni ma ban yi gardama ba. Kuɗin na manta da zafinsu tuni. Maganar dattijon ce ta ƙi barina.

Bayan wannan na ɗaura ɗamarar koyon VBA. Da daddare idan akwai wuta da intanet in sauke darussa, da rana in gwada. Cikin wata biyar na sake gina fayil ɗin daga tushe, ya ma fi na da kyau. To, ga inda kunyar take. Ranar da na gama, abu na farko da na yi shi ne na kulle shi da kalmar sirri tawa. Na san abin da kullen wancan ya jawo mana, raunin bai ko bushe ba, amma na yi. Dalilina kuwa tsoro. Baƙo a ƙasar mutane, wanda takardunsa ba su cika ba, ba shi da ƙungiyar ƙwadago, ba shi da kotun da zai kai kuka. Garkuwarsa guda ce, ya zama ba a iya yi sai da shi. A ranar na fahimci Basudanen nan, na daina zaginsa a zuci. Abin da ƙanena ya hango daga nesa yana sha'awa, wai maigida ba ya iya rabuwa da ni, wannan kullen ne.

Cikin karance-karancen da nake yi ne na gano cewa ni da nake taƙama da makulli, ɗakin da na kulle ma a filin wani yake. Kafin Excel ta yi sarauta, Lotus 1-2-3 ce sarauniya. Ta fito a 1983, tana da nata harshen makiro, kuma akawu da yawa a duniya sun ci abinci da shi. Kamfanin IBM ya saye ta a 1995, a 2014 ya daina kula da ita baki ɗaya. Ita kanta Excel tana da tsohon harshe da ake kira XLM kafin Microsoft ya shigo da VBA cikin Excel 5.0 a 1993. Yau VBA ya haura shekara talatin, kuma alamun tsufa sun bayyana. A 2007 kamfanin ya daina sayar wa sababbin kamfanoni lasisin sa shi a manhajojinsu. A Office 2008 na kwamfutar Mac an cire shi ɗungurungum, sai da masu amfani suka yi ta ƙorafi aka dawo da shi a Office 2011. Excel da ake buɗewa a shafin intanet ba ta gudanar da shi, ta wayar hannu ma haka. Sabuwar Outlook ba ta san shi ba. A watan Oktoba na 2023 aka sanar da cewa za a yi ritayar ɗan'uwansa VBScript daga Windows a hankali. A gefe guda kuma an fito da magada: Office Scripts, sannan Python a cikin Excel a watan Agusta na 2023.

Babu wanda ya fito ya ce ga ranar jana'izar VBA. Yana nan yana aiki a kowace sabuwar Excel ta kwamfuta. Amma duk mai ido ya ga inda ake zuba taki da inda aka bar wa ciyawa. Halin da muke ciki ya yi kama da na mai haya da maigida bai ce masa tashi ba, bai kuma sake gyara masa rufi ba.

Tambaya ta farko da ta taso mini ita ce: shin mai filin yana da haƙƙin mutanen da suka yi gini a kansa? Dole in yi wa kamfanin adalci. Makiro ƙofa ce, kuma ɓarayi sun daɗe da gane ta. A watan Maris na 1999 wata cutar kwamfuta mai suna Melissa ta bazu a duniya ta cikin takardar Word. Da an buɗe, sai ta aika kanta ga mutum hamsin na farko a jerin adireshin mai kwamfutar. Tun daga nan 'yan damfara ba su daina aika wa mutane fayil mai guba da sunan takardar biyan kuɗi ba. Saboda haka lokacin da Microsoft ya sanar a watan Fabrairu na 2022 cewa zai toshe makiro a duk fayil da aka sauko da shi daga intanet, sai in mai kwamfuta ya buɗe da gangan, ban ga laifinsa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wanda ya liƙe tsaga bai yi zalunci ba. Haka nan babu ɗan kasuwar da za a ɗora wa wajibcin riƙe haja guda har abada. Shekara talatin ma dogon zumunci ne a duniyar kwamfuta.

Duk da haka akwai abin da ya tsaya mini a wuya. Kamfanin ne ya gayyaci mutane su yi ginin. Ya ce ga harshe mai sauƙi, ba sai ka je jami'a ba, kai akawu, kai malamin makaranta, kai mai sito, zo ka ƙera abin da zai sauƙaƙa maka aiki. Miliyoyin mutane suka amsa, kuma wannan amsawar tana daga cikin abin da ya ɗaure ofisoshin duniya a jikin hajarsa. Wanda ya ci riba daga amincewar mutane, a ganina ya ɗauki nauyin ya faɗa musu gaskiya da wuri, ya kuma ba su hanyar kwashe kayansu. Sannan a dubi magadan da aka kawo. Python na cikin Excel a rumbun kamfanin na intanet yake yin lissafinsa, ba a kwamfutarka ba. Office Scripts ma yana tafiya ne da rajistar da ake biya da ma'ajiyar intanet. VBA kuwa, da duk tsufansa, yana aiki a tsohuwar kwamfuta mai batir, ba layi, ba kuɗin wata. Ga ma'aikaci a Redmond, inda hedkwatar kamfanin take a Amurka, bambancin ƙarami ne. Ga mu da wuta da layi kan ɗauke mana tare, bambancin shi ne a biya dattijo kuɗinsa ranar Asabar ko a ce ya jira. Ba mugunta ake nufin mu da ita ba. Ba a lissafa da mu ne kawai a wurin yanke shawara, kuma wannan ma wani nau'in rauni ne da ya kamata mutum ya san yana ɗauke da shi.

Da na rasa inda zan kai wannan ƙara, sai na waiwayi tarihinmu, na ga ba yau aka fara ba. Wannan yankin na Fezzan da nake zaune, shekaru aru-aru ayarin fatake ke ratsa shi tsakanin Tarabulus da ƙasar Hausa da Barno, ta Murzuk, ta Gat. Madugu a wancan zamani babban masani ne. Ya san rijiyoyi, ya san taurari, ya san wanda za a ba kyauta a wuce lafiya. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kaya suka koma bin hanyar Ikko da teku, wannan ilimi ya rasa mai saye. Rijiyoyin suna nan, taurarin ba su gusa ba, amma an yanke shawara a wani wuri mai nisa. Sai dai ba duk fatake ne suka durƙushe ba. Alhassan Ɗantata da fataucin goro ya fara, a hanyar Gwanja. Da kasuwar gyaɗa ta buɗe a Kano ya juya can, ya zama attajirin da ake ba da labari. Abin da ya tsira da shi sanin ciniki ne da riƙon amanar abokan hulɗa. Hanya ce kawai ta canja masa.

Akwai misalin da ya fi wannan kusa da zuciyata. A 1906 wani Bature, Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya ratso hamadar nan daga Tarabulus ta Murzuk har zuwa Barno. A 1909 shi ne ya buɗe makarantar boko a Nassarawa ta Kano. Kafin nan malamanmu da ajami suke rubuta wasiƙa da waƙa da lissafi. Gwamnatin mulkin mallaka ta zaɓi baƙaƙen boko don aikin ofis, sai a hankali mai ajami ya zama kamar wanda bai iya rubutu ba a idon hukuma. Ajami bai mutu ba, har gobe ana rubutu da shi. An dai janye shi ne daga wuraren da ake samun albashi, kaɗan-kaɗan, har zuwa 2007 da Babban Bankin Nijeriya ya cire shi daga takardun naira 5 da 10 da 20 da 50. Ina jin irin wannan tafiyar ce ke jiran VBA. Ba za a yanka shi rana ɗaya ba. Za a bar shi a tsofaffin kwamfutoci da tsofaffin hannaye, masu saninsa suna raguwa, alhali lissafin da aka ɗora masa yana nan. A watan Afrilu na 2020, lokacin annobar korona, gwamnan jihar New Jersey a Amurka ya fito yana neman waɗanda suka iya COBOL, harshen da aka ƙirƙira tun 1959, saboda na'urorin biyan tallafin marasa aiki da shi suke tafiya, masu iya shi kuwa sun yi ƙaranci. Haɗarin tsohon harshe ke nan: yakan fi masu jinsa tsawon rai.

A nan ne tambayar ta juyo kaina, inda ba na son ta juyo. Ina zargin kamfani da cewa ya riƙe makomar aikina a hannunsa bai faɗa mini komai ba. To ni fa? Me na yi wa 'yan dako da masu aikin gonar da kuɗinsu ke cikin fayil ɗina? Abin da nake kuka da shi daga sama, shi nake yi wa na ƙasa da ni, har ma nawa ya fi muni. Kamfanin aƙalla ya buga littattafan harshensa kowa ya karanta. Ni kuwa in mota ta kaɗe ni a hanyar Gurda, ko aka kama ni a wani shinge aka tasa ƙeyata zuwa iyaka, kalmar sirrin da ni za ta tafi.

Na yi ta kawo wa kaina uzuri, kuma ba duka ne na banza ba. Na ce ai kowace sana'a da sirrinta. Masu rini a Ƙofar Mata ba sa faɗa wa kowa yadda suke haɗa baba da toka, maƙeri ba ya koya wa ɗan wani gida yadda ake shayar da ƙarfe, kuma ba wanda ya kira su azzalumai. Me ya sa ni, talaka baƙo, za a ce in buɗe cikina alhali manya suna kulle nasu? Na daɗe a kan wannan hujja kafin in ga inda ta karye. Mai rini idan ya mutu da sirrinsa, wanda ya kawo zane ya riga ya karɓi zanensa, ko kuwa magada su miƙa masa abinsa fari. Sirrin nasa a kan gwanintarsa yake. Nawa kuwa a kan dukiyar wasu yake zaune. Ina da ikon in ɓoye dabarar da nake sa lissafi ya yi sauri. Ba ni da ikon in ɓoye wa mutum hanyar sanin nawa ne kuɗinsa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, kuma ta ɗora wa marubuci nauyin yin adalci. Amfanin rubuta bashi shi ne a samu abin komawa ranar da aka yi saɓani ko aka rasa ɗaya daga cikin mutanen. Rubutun da marubucinsa kaɗai ke iya karantawa bai biya wannan buƙata ba, ko da kowace lamba a cikinsa gaskiya ce.

Sai na cire kullen. Na sayi littafi mai bango mai ƙarfi, na rubuta da Larabci da Hausa abin da kowane maɓalli yake yi, mataki-mataki, yadda za a iya yin sa da biro idan kwamfuta ta ƙi. Na haɗa suna da lamba wuri guda. Kowace Alhamis ina buga jerin masu ajiya da abin da kowa ke da shi a takarda, maigida ya sa hannu, a ajiye kwafi a gidansa. Ina kuma fitar da lissafin a fayil na rubutu zalla wanda kowace manhaja za ta iya buɗewa. Na gwada LibreOffice, wadda ta fito a 2010, kyauta ce kuma rubutun cikinta a buɗe yake ga kowa, ba kamfani guda ke da ikon rufe ta ba. Jadawalin ya buɗe lafiya, amma wasu maɓallan sai an sake rubuta su, ina yi a hankali. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na kuma zaunar da ɗan maigida na koya masa.

Kada mai karatu ya zaci labarin ya ƙare da an yi mini tukwici. Yaron yana da kaifin kai, yanzu yana iya yin kusan duk abin da nake yi. Ga kuma manhajojin ƙirƙirarriyar basira da suka yaɗu tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022, ka faɗa musu abin da kake so su rubuto maka makiro nan take. Na ga yana yi, yana liƙa umarnin da bai fahimta ba, yana aiki, yana murna. Na ce masa wannan ma jakin aro ne, ya yi dariya. Da na nemi ƙarin albashi bana, maigida ya ce a bari kasuwa ta gyaru, da irin muryar da a da ba ya yi mini magana da ita. Na san dalili. Garkuwar da na ajiye da hannuna ce, kuma akwai daren da nake kwana ina tambayar kaina ko wauta na yi, ina da mata da 'ya'ya a gida suna jiran aike. Abin da na sani shi ne yanzu idan mai ajiya ya shigo ya miƙo kuɗinsa, ina iya duban idonsa.

Saura amsar ƙanena. Shin ya halatta in koya masa harshen da nake ganin rana ta yi masa la'asar? In na ƙi, na hana shi abin da zai iya ci da shi yau, don ofisoshi da shaguna daga Damagaram har Kano cike suke da irin waɗannan fayiloli, kuma za su daɗe suna neman mai gyara. In na koya masa ban faɗa masa gaskiya ba, na yi masa abin da nake zargin wasu da yi mini. Saboda haka na kira shi na ce zan koya masa, bisa sharaɗi uku. Na farko, wata biyu zai yi da littafi da biro yana rubuta shiga da fita, har sai ya iya gano kuskuren dala ɗaya a lissafin jaka ɗari, domin wannan ne cinikin, sauran duk hanya ce. Na biyu, ya riƙe VBA a matsayin harshensa na farko, ya sa a ransa cewa zai koyi na biyu da na uku, kuma abin da zai ɗauka daga ciki shi ne yadda ake yanka babban aiki gunduwa-gunduwa a jera shi. Zanen aro ba ya rufe katara, amma wanda ya iya ɗinki ba ya rasa sutura. Na uku, duk ranar da aka ba shi lissafin dukiyar mutane, kada ya kulle shi yadda in ba ya nan za a rasa hanya.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Yaya, in na bar shi a buɗe, me zai hana a kore ni?" Na ce masa babu. Na ce iyakar abin da zan iya faɗa masa shi ne mutanen da ke kawo ajiya sitonmu sun ƙaru tun da aka fara liƙa takardar Alhamis, kuma sunana suke kira idan sun shigo. Ko wannan zai riƙe ni a wurin, Allah ne masani. Ya ce zai sayi littafin ranar kasuwa.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya sa mu gama da duniya lafiya.